Farin ɗigo a jikin kifi: me ya sa har yanzu sai wanka, babu maganin da ake sa wa a abinci?

Baba Mai Tarwaɗa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga likitoci da masu bincike da ke cikinmu ce. Cutar farin ɗigo, wadda wata halitta mai ƙwaya ɗaya tak, Ichthyophthirius multifiliis, ke kawowa, tun 1876 aka bayyana ta a rubuce aka raɗa mata suna. Yau kusan shekara 150 ke nan. Mai kiwon kaji idan gudawar jini ta shigar masa, akwai maganin da zai sa a ruwan sha ko a abinci, ya shiga jikin kaza ya kashe cutar a inda take. Zazzaɓin cizon sauro ma halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak ke kawo shi, ga shi an samar masa magunguna iri-iri. To mu masu kifi me ya sa kullum sai wanka? Gishiri, fomalin, famanganet, a zuba yau, jibi a sake zubawa, kifi kuma yana ta mutuwa. Ba a neman maganin ne, ko an nema an rasa?

Hajiya Mai Kifin Ado: Wa alaikumus salam Baba. Ai an taɓa samu. Koren rinin nan malakait girin, in aka haɗa shi da fomalin, babu abin da ya kai shi. Mu masu kifin kallo har gobe da shi muke amfani. Ku masu kifin ci ne aka hana.

Dakta Likitar Kifi: Wa alaikumus salam. Baba, ana nema, an kuma daɗe ana nema. Sai dai kafin mu je ga magani, a duba yadda cutar take rayuwa, don a nan wahalar take.

Ɗigon nan fari da ake gani ba a saman fata yake ba. Halittar ta huda fatar ne ta shige, fatar kifin ta rufe ta, tana ciki tana ci tana girma har ta kai kusan milimita ɗaya. Haka take yi a kunnuwan da kifin ke numfashi da su, kuma na can ne ya fi kisa. Idan ta ƙoshi sai ta fito ta faɗa ƙasan ruwa, ta manne da wani abu, ta lulluɓe kanta da wani kumfa mai kauri. A cikin lulluɓin take rarrabuwa, ɗaya ta zama ɗaruruwa, wani lokaci har ta kai dubu. Daga nan sai 'ya'yan su fashe su fito suna iyo suna neman kifi. Idan ba su samu ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sai su mutu.

Duk magungunan wankan da kuka lissafa, masu iyon nan suke kashewa, da wadda ta fito daga fata kafin ta gama lulluɓe kanta. Ta cikin fata ba sa kai mata, ta cikin lulluɓi ma da ƙyar. Shi ya sa ake maimaitawa: jira ake yi kowane rukuni ya fito fili a same shi. A ruwa mai ɗumin digiri 25 zagayen yakan cika cikin mako guda ko ƙasa da haka, a ruwan sanyi kuwa sai ya ɗauki makonni. Wanda ya yi wanka sau ɗaya ya tsaya bai yi komai ba.

Baba Mai Tarwaɗa: Na gane, Dakta. To shi koren rinin da Hajiya ta ambata me ya bambanta shi?

Ɗalibin Bincike: Baba, bari in sa baki. Shi yana ratsa jikin kifin ya shiga ciki. Abin da ya ba shi ƙarfi ke nan, kuma shi ne ya jawo aka hana shi. Da ya shiga, jikin kifin yana juya shi zuwa wani sinadari mara launi, liyukomalakait girin, wanda ke zama a kitse watanni. Kifin zai warke, koren ya ɓace, amma sinadarin yana nan har ranar da za a ci shi.

Abu Hanif: Ni fa ban gamsu da wannan hanin ba. Asalinsa rinin tufafi ne, an yi shekaru da dama ana amfani da shi a gidajen ƙyanƙyasar kifi a duniya, wa aka ce ya mutu saboda ya ci kifi? Ina ganin manyan ƙasashe ne ke kafa dokokin nan don su rufe kasuwarsu. Ɗan abin da ya rage a nama nawa ne?

Dakta Likitar Kifi: Malam Abu Hanif, ba irin gubar da ake ci yau a faɗi gobe ba ce, shi ya sa ba za ka ji an nuna mutum an ce ga shi ba. Hukumar gwajin guba ta Amurka ta fitar da rahoto a 2005 bayan an ciyar da ɓeraye wannan sinadari na tsawon shekara biyu, aka ga alamun yana jawo ƙari a hantar matan ɓerayen. Sinadari ne da ake zargin yana taɓa ƙwayoyin gado. Irin wannan ba a iya cewa ga adadin da babu laifi. Tarayyar Turai ta daɗe tana mayar da kifin da aka samu da maikirogiram 2 na sinadarin a kilo (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), daga baya ta sauke zuwa 0.5. Kuma ba masu saye kaɗai suka hana ba, ƙasar Sin da ta fi kowa kiwon kifi a duniya ita ma ta hana. Mai cin kifi bai san abin da aka zuba a ruwan ba, amana ce a hannun mai kiwo. Ni ba zan rubuta shi ga kifin ci ba ko da doka ta yi shiru.

Abu Hanif: To fomalin fa? Shi ma ai an ce yana jawo cutar kansa, amma an bar shi.

Dakta Likitar Kifi: Gaskiya ne, hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa fomaldihaid, sinadarin da ke cikin fomalin, a rukunin farko, wato na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta. Bambancin shi ne ba ya taruwa a naman kifi. Haɗarinsa yana kan mai zuba shi, idan ya shaƙa ko ya taɓa fatarsa. Don haka wasu ƙasashen ma ke neman abin da zai maye gurbinsa. Ka ga ke nan ɗan abin da ya rage mana ma ƙara raguwa yake yi.

Ɗalibin Bincike: In koma kan ainihin tambayar Baba. Akwai cikas ɗin da wanda bai shiga ɗakin gwaji ba ba zai sani ba: wannan halitta ba ta yarda a raine ta a kwalba. Masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro tun 1976 suka iya rainon Plasmodium falciparum, halittar da ke kawo shi, a cikin jinin da ke faranti, daga nan aka samu damar gwada dubban sinadarai a lokaci guda. Ita kuwa ta farin ɗigo dole sai da kifi mai rai. Kana son ka ajiye ta, sai ka sa wa kifi, ta girma, ka kwashe, ka sa wa wani sabon kifin da bai taɓa kamuwa ba, haka har abada. Kuma tana iya raunana ta mace maka bayan an yi ta juyawa, ka koma neman sabuwa.

To me mai bincike zai yi? Abin da ya fi sauƙi shi ne ya tara masu iyon nan a ɗan faranti, ya ɗiga sinadari, ya duba a madubin likita ya ga ko sun daina motsi. Da yawan rahotannin da ake cewa an gano sabon magani a nan suka tsaya. Amma masu iyo ai ba su ne matsalarmu ba, gishiri ma yana kashe su. Wadda muke nema ita ce ta cikin fata, ita kuma ba a gwada ta sai a jikin kifi: tankuna, ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya, makonni ana jira. Sinadari goma sai su cinye maka wata da watanni.

Wasu suna amfani da 'yar'uwarta Tetrahymena, wadda ke rayuwa ita kaɗai a ruwa kuma tana yaɗuwa a kwalba cikin sauƙi, a tace sinadarai da ita tukuna. Yana taimakawa, amma ba su zama ɗaya ba. Da aka karanta kundin gadon ta farin ɗigo a 2011, an ga ƙwayoyin gadonta kusan 8,000 ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na na Tetrahymena. Ta zubar da abubuwa da yawa saboda kifi ke yi mata su.

Malam Mai Ganye: Duk wannan wahala, alhali Allah ya ajiye magani a tsirrai. Tafarnuwa tana kashe ta, an tabbatar. Me ya sa ba za a koma can ba?

Ɗalibin Bincike: Malam, ana can ma. Tafarnuwa tana kashe masu iyo a faranti, haka ne. A 2004 an wallafa gwajin da aka yi da ganyen ƙarara da 'ya'yan gwanda a kan kifin ado, aka ga ɗigon ya ragu sosai. Masu bincike a Sin sun ware sinadarai da dama daga tsirransu, kamar sangwinarin, suna kashe ta da ɗan kaɗan. Ba raina su nake yi ba. Amma tambayoyi uku ne kowane magani sai ya amsa, na ganye ne ko na kamfani: nawa ke kashe cutar, nawa ke kashe kifin, me ya rage a nama. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu 'yar kaɗan ce. Kar a manta, akwai tsirran da aka san su da kashe kifi a ruwa, sinadarin rotinon ma daga saiwar tsiro ake samo shi. Sannan ganyen bana da na baɗi ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, mai kiwo ba shi da yadda zai auna.

Malam Mai Ganye: Na yarda da batun awo. Amma in ana jiran sai an yi cikakken gwaji, wa zai biya kuɗin gwada ganyen da ba mai iya mallakarsa?

Dakta Likitar Kifi: Wannan tambayar taka, Malam, ita ce rabin amsar da Baba ke nema, kuma ba ganye kaɗai ta shafa ba. Kafin a yi wa magani rajista don dabbar ci, sai an nuna yana aiki, ba ya cutar da dabbar, ba ya cutar da mai ci, ba ya ɓata muhalli. Mai yin maganin kaza, kaza ɗaya ce gabansa. Mai yin na kifi kuwa ɗaruruwan iri ake kiwo, wasu a ruwan daɗi wasu a na teku, wasu a sanyi wasu a zafi. Kuma jikin kifi zafin ruwa yake bi, don haka saurin fitar magani daga namansa ma yana canzawa. Shi ya sa wa'adin jira kafin a sayar ake lissafa shi da zafi sau kwanaki. Ƙa'idar da aka bi a Turai kafin 2022 ga maganin da aka aro daga wata dabba ita ce zafi sau kwanaki ya kai 500: a digiri 25 kwana 20 ke nan, a digiri 10 kwana 50. Kamfani yana duba wannan kashe kuɗi, ya duba girman kasuwar, sai ya juya baya. Amurka sai da ta yi doka ta musamman a 2004 don sauƙaƙa rajistar magungunan dabbobin da kasuwarsu ba ta da girma, kifi na ciki. Duk da haka jerin abin da aka amince da shi gajere ne ƙwarai.

Baba Mai Tarwaɗa: To a ari na kaji mana, ko na zazzaɓi. Ai an riga an gwada su.

Ɗalibin Bincike: An ara, Baba. An gwada kwinin a abinci, an gwada toltarazuril da amfuroliyam da salinomaisin, duk na kaji ne ban da na farkon. Wasu sun rage yawan ɗigo, amma ba a samu wanda ya share ta sarai a kowane gwaji ba. Dalili ɗaya shi ne, ko da yake dangi ne na nesa da Plasmodium da mai kawo gudawar kaji, ba ta da wasu sassan da magungunan ke kai wa hari. Su suna da wani ɗan sashe a cikinsu da suka gada daga tsiro, ita ba ta da shi.

Ga kuma abin da kun fi ni sani: kifin da cuta ta kama kunnuwansa ba ya cin abinci. Wanda ya fi buƙatar maganin shi ne ba zai ci ba, mai lafiya ya cinye rabonsa. Ga ɗaci, kwinin ba abin da kifi ke marmari ba ne.

Hajiya Mai Kifin Ado: Mu a tankin ruwan teku kulorokwin yana mana aiki a kan Amyloodinium, mai sa kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gari, da Cryptocaryon, wato farin ɗigon teku. Wajen miligiram 10 a lita ake sa wa, a tankin killacewa. Metronidazol kuma ga Spironucleus na hanji. Sai dai kifin kallo ne, ba wanda zai ci.

Dakta Likitar Kifi: Gara da kika faɗi na ƙarshen, Hajiya. Metronidazol an hana shi ga dabbobin ci a Turai da Amurka. Kada wani ya karanta nan ya kai shi tafkin kifin sayarwa.

Injiniyan Ruwa: Ni ra'ayina daban. Muna ta neman ƙwaya, alhali cutar da kanta tana fitowa daga jikin kifin ta kwanta a ƙasa sa'o'i. A nan ya kamata a tare ta. A Denmak an nuna cewa rariya mai ƙananan ramuka na maikiron 80, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, tana kama waɗanda suka fito daga fata kafin su hayayyafa. Kowace ɗaya da ka kama, ɗaruruwa ka hana. Sai a haɗa da asid ɗin ferasetik ko sodiyam fakabonet don masu iyo, su kuma suna narkewa su koma ruwa da oksijin da ɗan abin da ba ya zama a nama. Ku dubi masu kiwon salmon a Tasmaniya: wata halitta mai ƙwaya ɗaya da ke kama kunnen kifi, Neoparamoeba perurans, tun shekarun 1980 take damunsu, kuma babban maganinsu har yau shi ne a saka kifin cikin ruwan daɗi na sa'a biyu zuwa uku. Masana'anta ce mai kuɗi, amma ruwa ne maganinta.

Baba Mai Tarwaɗa: Injiniya, maganarka ta tanki ce mai famfo da bututu. Wanda yake da tafkin ƙasa, laka a ƙasa, ciyawa a gefe, ina zai sa rariya? Kuma misalin salmon ɗin da ka kawo ni ƙara min damuwa ya yi. In masu kuɗin nan ma wanka suke ta maimaitawa, cutar tana dawowa, ai ba a warware ba.

Injiniyan Ruwa: Haka ne Baba, tafkin ƙasa sai dai a zubar da ruwa a busar a zuba farar ƙasa tsakanin zubi da zubi. Ana cikin kiwo kam rariya ba ta da wuri.

Ɗalibin Bincike: Kuma akwai waɗanda wanka ba ya isa gare su ko kaɗan. Philasterides dicentrarchi, da ke kashe wani kifin teku mai suna tabot a Sipaniya, da danginta da ke addabar masu kiwo a Koriya ta Kudu, suna shiga jini su kai har ƙwaƙwalwa. Da zarar sun shige, sai maganin da ke bin jini. Abin da ya sa nake sa rai a nan shi ne ita tana yarda a raine ta a kwalba, don haka an fi saninta. An gano tana da wata hanyar numfashi ta biyu irin ta tsirrai, wadda kifi da mutum ba su da ita. Irin wannan ake nema: abin da cutar ke da shi, mai ɗauke da ita ba shi da shi. Shi koren rini komai yake bugu.

Wani abin da nake bibiya shi ne aikin Jami'ar Kofenhagen a kan wani sinadari mai kama da sabulu da wata bakteriya, Pseudomonas H6, ke fitarwa. A gwaji ya kashe masu iyo, ya kuma kai ga na cikin lulluɓi, wanda yawancin magunguna ba sa yi. Har yanzu na wanka ne, amma zai iya rage yawan maimaitawa.

Ummu Khalil: Ni sabuwa ce a kiwo, ku yi min haƙuri. 'Ya'yan kifina sun yi ta goga jiki a bangon tanki, jikinsu ya yi fari-fari da yauƙi. Na yi musu wankan gishiri sau ɗaya suka warware. Ashe ba dole sai an maimaita ba?

Dakta Likitar Kifi: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Alamun da kika faɗa sun fi kama da Trichodina ko Chilodonella ko Ichthyobodo. Su a saman fata suke zaune, a nan suke rabuwa biyu, ba sa ɓuya, shi ya sa wanka ɗaya ko biyu kan isa. Da ido ba a bambancewa da tabbaci. A kankaro ɗan yauƙi a sa a gilashi da ɗigon ruwa a duba a madubin likita: Trichodina zagayayya ce mai haƙora tana juyawa, ta farin ɗigo kuwa babba ce, tana mirginawa a hankali, cibiyarta a lanƙwashe. Sannan ki duba yawan kifin da dattin ruwan, don Trichodina a nan take yawaita, za ta dawo in ba a gyara ba.

Abu Hanif: Rigakafi fa? Na ji kifin da ya warke ba ya sake kamuwa.

Ɗalibin Bincike: Yana samun kariya ta watanni, haka ne. An san furotin ɗin da ke jikin halittar wanda garkuwar kifi ke kamawa ta hana ta motsi. Matsala biyu ce: furotin ɗin iri-iri ne, na wannan ba lalle ya kare daga wancan ba, sannan ga cikas ɗin nan na rashin iya rainonta da yawa. An gwada sa Tetrahymena ta riƙa ƙera furotin ɗin. Ana kan aiki, bai zama abin saye ba. Kuma ko ya fito, yi wa ɗan kifi mai tsawon yatsa allura ɗaya bayan ɗaya wani aikin ne.

Baba Mai Tarwaɗa: To Dakta, tunda abin da nake nema bai iso ba, mai tafkin ƙasa da cutar ta shigar masa gobe me zai yi? An ce min kofa salfet, shuɗin garin nan, ya fi fomalin sauƙi a babban ruwa.

Dakta Likitar Kifi: Ana amfani da shi, Baba, amma kada a zuba sai an auna alkaliniti na ruwan, wato yawan sinadaran da ke hana shi yin tsami. Lissafin da aka saba shi ne a raba abin da aka samu da 100: in 120 ne, miligiram 1.2 a lita ke nan. In bai kai 50 ba a bar shi gaba ɗaya, zai kashe kifin kafin ya kashe cutar. Yana kuma kashe gansakuka, ita kuma in ta ruɓe sai oksijin ya faɗi, don haka a tanadi abin kaɗa ruwa. Fomalin ma haka: miligiram 25 a lita ne na dogon wanka, kuma kowane miligiram 5 yana cinye kusan 1 na oksijin, ga kifi kunnuwansa sun riga sun lalace. In kun ga farin gari ya kwanta a ƙasan kwalbar fomalin kada ku zuba, ya zama guba. Gishiri giram 3 zuwa 5 a lita yana taimakawa a tanki, a babban tafki kuwa buhunan da za a buƙata suna da yawa. Ko wanne aka zaɓa, a ruwa mai ɗumi a riƙa maimaitawa ana tsallake kwana ɗaya tsakani, a ci gaba har kwanaki bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace. A fara gwadawa a kan kifi kaɗan a bokiti da ruwan tafkin. Ku auna alkaliniti ɗin ku turo min tare da tsawo da faɗi da zurfin tafkin, in fitar muku da adadin.